Wasan Hotunan Siber da Kaburburan Baƙi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta tarar da kai ka sauka Wargla lafiya, ƙafarka ta huce daga zaman mota, maigidan da za ka koyi gyaran firji a wurinsa ya karɓe ka da sakin fuska. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, ya haɗa ka da mutanen da za su gaya maka laifinka a gabanka. Ƙanwarka Hadiza tana gaishe ka. Labarin gida ka tambaye ta idan ka shiga taksifon, shagon buga waya, ni ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ka ga yadda na yi a tasha. Na ce maka Allah ya kiyaye, na juya tun mota ba ta tashi ba, ko hannu ban ɗaga maka ba. Hadiza ta ce ka leƙo ta taga kana nema na. Na sani. Da na tsaya na buɗe baki, abin da zai fito bai dace 'yan kamasho da masu sayar da ruwa su ji shi ba. Har yau ina fushi da kai, Lawali, kuma gara ka ji haka daga wurina kai tsaye, tunda rashin faɗa kai tsaye shi ne laifin da nake tuhumarka da shi.

Ka san aikina, amma zan maimaita maka, don na lura ka san shi ne kamar yadda ka san ƙofar maƙwabci, kullum kana wucewa ba ka taɓa shiga ba. Na zo Tamanrasset daga Mirya ta ƙasarmu Nijar ina saurayi, ina ɗaukar bulo a shantiye, wato wurin gini. Marigayi Malam Garba shi ke wanke gawar 'yan ƙasarmu a lokacin, ya ja ni jikinsa saboda ina da ƙarfin haƙa ƙasar nan mai dutse. Yawancin waɗanda muke binnewa baƙi ne. Yaro ya faɗo daga saman gini, ɗan Kano mai niyyar wucewa arewa zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin haya, waɗanda jandarma suka tsinto a hanya ƙishirwa ta gama da su. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. An taɓa gwada rubuta suna da fenti, rana da rairayi suka cinye shi kafin shekara ta zagayo. Sai Malam Garba ya koya mini yadda yake yi. Ka tsaya a kan kabari, ka dubi tsagin dutsen Adriyan, ka dubi itacen kandili da ke bakin kori, busasshen rafin nan, ka dubi launin dutsen da ka kafa da hannunka, sannan ka faɗi sunan mamacin da garinsu a bayyane. Da ya rasu, abin ya dawo kaina ni kaɗai.

Tun daga nan, duk wanda ya keto hamada daga Tanut ko Dakwaro ko Matamai yana neman inda ɗan'uwansa yake kwance, amsa ɗaya ake ba shi a unguwarmu Sersuf: a kai shi wurin Baba Idi. In shiga gaba, ya biyo ni, in tsaya in ce nan ne. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya koma gida ya gaya wa tsohuwa cewa ya ga wurin da idonsa, hankalinta ya kwanta. Ba ni da gida nawa na kaina a garin nan, ba ni da kanti, ba ni da ɗan'uwa a buron hukuma. Abin da nake da shi ke nan, idan na ce nan ne, ba a tambayata. Shi ne ka ɗauka ka kai siber, shagon intanet.

Kuskurena na farko, na bi ka ban tambaye ka dalili ba. Ka tuna ranar, bayan la'asar, ka ce in zo ka nuna mini wani wasa na motsa ƙwaƙwalwa a ordinater, wato kwamfuta, wai kyauta ne, lokacin zama kawai ake biyan mai siber. Ka zaunar da ni tsakanin wani yaro mai harbin motoci da wani mai hira da budurwar da bai taɓa gani ba, ka ɗora hannuna a kan ɗan abin nan da kuke ce wa suri. Hannun da ya saba da shebur da diga, ka ce ya tafi a hankali. Kibiyar ta riƙa gudu tana ɓuya a lungun gilashi, kai kana dariya, ni ma ina dariya. Aka jera katuna a kife, in buɗe biyu, in sun yi daidai su ɓace, in ba su yi ba su sake kifewa. Aka kawo hoton ɗaki guda sau biyu, wai in nemo abin da ya bambanta. Aka jera zane-zane, wai in faɗi wanda zai biyo baya. A kusurwa kuma ga agogo yana ƙirga mini lokaci kamar mai jiran in tashi daga tabarmarsa.

To, hotunan me? Wani tsuntsu baƙi da fari mai tafiya a tsaye kan ƙanƙara. Takalmi mai taya. Wani ɗan akwati da burodi ke tsalle daga cikinsa. Itace an rataya masa fitilu. Ni da ban taɓa ganin ko ɗaya ba, duk sun zame mini abu guda. Da raƙuma aka jera mini, ko buhunan dabino, ko fuskokin leburori, da an ga aiki. Amma ban damu ba, don gaskiya na ji daɗin abin. Tun rasuwar mahaifiyarku ba mu taɓa zama kafaɗa da kafaɗa haka ba, ni da kai. Magana tsakaninmu ba ta wuce ka ci abinci, ka rufe ƙofa. Sai ga ɗana yana riƙe mini hannu. Duk ranar da za mu je, sai in sa Hadiza ta goge mini riga, in ce mata zan fita da yayanki. A majalisar shayi na cika wa mutane kunne, wai Lawali yana koya mini ordinater. Ashe ni ina zaune ina murna, kai kana tsaye a bayana kana duba makin da ke fitowa a ƙarshe, kamar mai duba haƙoran rago a kasuwa.

Don haka ga shawarata. Idan wani ya ja ka wuri da fara'ar da bai saba yi maka ba, ka je, amma ka tambaye shi me ya kawo wannan. Ba rashin ladabi ba ne. Idan kuma kai ne mai jan wani, ka gaya masa abin da kake nufi tun a bakin ƙofa. Kada ka taɓa gwada mutum kana ce masa wasa ne, ko da yaron shago ne da ke ƙasa da kai. Mutum yana iya haƙuri da faɗuwa jarrabawar da ya san ya shiga. Wadda aka yi masa yana dariya, ita ce ke tsaya masa a rai.

Ka san yadda na gano? Ba ka sani ba, don ban gaya maka ba. Wani mutumin Tasawa, Sanusi, ya zo neman kabarin ƙanensa Mutari, wanda katako ya karye da shi a wani shantiye shekarun baya. Ya sauka wurin Alhaji Mamman, tunda shi ne shugaban 'yan Nijar a unguwa, Alhaji ya turo mini shi kamar kullum. Na shiga gaba, ya biyo ni. Na kai shi, na tsaya, na ce nan ne. Sai mutumin bai durƙusa ba. Ya dubi kabarin, ya dubi na kusa da shi, ya dube ni.

Ya ce, "Baba, ka tabbata nan na? Don abin da anka gaya mini, kanka ya fara rikicewa."

Lawali, na wanke gawar da ta kwana biyu a rana ban ji abin da na ji ranar ba. Na ce masa ni na kafa wannan jan dutsen, ni na sa ƙanensa a rami, kuma a hannunsa na hagu akwai tabon ƙuna. Ya ce haka ne, akwai tabon. Duk da haka da ya tashi yin addu'a, bai fuskanci kabarin ba. Ya ja da baya ya buɗe hannuwa a kan layin gaba ɗaya, wai don kada a yi kuskure. Mutum ya sayar da akuyarsa ya keto hamada don ya tsaya a kan ɗan'uwansa, ya zo har wurin, yana tsaye a kansa, ya koma gida da shakka. Me zai gaya wa uwarsu? Zai ce mata an nuna masa wani wuri, Allah ne masani.

Daga maƙabarta ban biya gida ba, na wuce wurin Alhaji Mamman. Ya ba ni shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da ita. Wai ka zo masa cikin ladabi, har da cire takalmi tun daga nesa. Wai ka ce Baba yana barin buta a kan wuta har ta ƙone, ya sayo ganyen shayi sau biyu a yini ɗaya, yana ba da labari ya sake bayar da shi kafin a tashi. Wai don ka tabbatar ka gwada ni a ordinater, na'ura ta nuna hoton ƙwaƙwalwa da jan layi yana gangarowa, ta ce kaina ya fi shekaruna tsufa nesa ba kusa ba. Alhaji ya dafa ni ya ce ba abin kunya ba ne, tsufa ne, kuma bai gaya wa kowa ba sai uwargidansa da liman. Wato ya gaya wa Sersuf gaba ɗaya, har da masu lambu a Abalessa.

Kuma abin bai tsaya a kan Sanusi ba. Magana ta bi direbobin dabino ta sauka har Nijar. Wata mata a Damagaram, wadda na nuna wa ɗanta kabarin ubansa tun kana ɗan makarantar lekkol, ta sa an kira Alhaji ana tambaya ko addu'ar da yaron ya yi a kan ubansa ya yi ta, ko a kan wani. Tun kana lekkol, Lawali, lokacin da babu wanda ya isa ya ce na manta ko allura. Da magana ɗaya ka tono mutanen da suka kwanta lafiya a zukatan danginsu. Kai a ganinka lafiyar ubanka kake nema. Ba ka tsaya ka duba me ke rataye a jikin maganar ubanka ba.

Ka ji wannan da kyau. Idan ka ga rauni a jikin mutum, shi za ka fara gaya wa, ku biyu, ƙofa a rufe. Idan ya ƙi ji, ka sake. Idan ya zage ka, ka haƙura ka sake. Sai ka gaji sannan ka nemi babba, kuma ka gaya masa za ka nema. A inda kake yanzu za ka ga maigidanka ya yi kuskure a aiki, za ka ga abokin ɗakinka yana abin da bai dace ba. Kada ka ɗauki ladabinka ka kai wa na uku. Cire takalmi a ƙofar Alhaji bai rage komai daga abin da ka yi mini ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma nawa ne ni kaɗai. Na dawo gida ban ce maka uffan ba. Na daina cin abinci kwano ɗaya da kai. Ka gaishe ni in amsa da hanci. Ka kawo mini takardar maigidanka ta Wargla don in sa albarka, na ce ka ajiye a kan taga. Hadiza ta yi ta kai da kawowa tsakaninmu har ta rame. Ka haɗa kayanka kai kaɗai, ina jin ka kana ɗaure jaka, ina zaune a tsakar gida ina jan carbin da ban san me nake karantawa a kai ba. Ana gobe za ka tafi ka tsaya a bakin ƙofata, ka daɗe, sannan ka ce, "Baba, tsoro na ji."

Na ce maka, "Ka kai wa Alhaji tsoron."

Wannan amsa ba ta uba ba ce. Na ji daɗinta lokacin da ta fito, don ta same ka inda nake so, amma tun daga ranar take ci na. Na yi maka daidai abin da ka yi mini, na san abu game da kai na ƙi gaya maka a fuska. Idan wani ya ɓata maka rai a can, kada rana ta faɗi ba ka gaya masa ba. Ka yi faɗa in faɗa ne, a ji ku, a raba ku. Shiru irin nawa ba haƙuri ba ne, mugunta ce da ake yi a zaune, kuma na gaje ta ne daga wurin ubana, ba na so ka kai ta gaba.

Yanzu bari in ba ka labarin da zai sa ka dariya, ko da yake ni bai ba ni ba. A cikin kwanakin nan da ba na yi maka magana, na koma siber ni kaɗai. Da tsakar rana nake zuwa, lokacin da gari ya mutu, yara duk sun tafi cin abinci. Na ce wa mai siber ya buɗe mini wasan nan, in ya gaya wa wani kuma Allah ya isa. Na rantse sai na kayar da na'urar da ta zubar mini da mutunci. Na yi ta yi, na yi ta yi, har hannuna ya saba da suri, har na san tsuntsun ƙanƙara da takalmi mai taya kamar 'ya'yan maƙwabta. Na gane cewa a hoton ɗakin nan kullum ko labule ne ake canza wa launi, ko a cire ƙafar kujera ɗaya. Rannan sai ga kofi na zinariya ya fito, ana ta kiɗa, na'ura ta ce ƙwaƙwalwata ta saurayi ce. Na sa mai siber ya buga mini a takarda, na tafi gidan Alhaji har ina tuntuɓe.

Alhaji ya sa tabarau, ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Baba Idi, ai wannan wasan yara ne."

Ka ji fa. Ranar da na'ura ta ce na rikice, shaida ce, har ana aika ta Damagaram. Ranar da ta ce lafiyata lau, wasan yara ne. Na tsaya riƙe da takarda kamar wanda ya zo talla gidan da aka yi rasuwa. Kuma da na koma gida na tarar na sake barin buta a kan wuta. Wato duk zaman da na yi, abin da na koya shi ne inda tsuntsun ƙanƙara yake ɓuya, ba wani abu ba.

Ban ce kada ka yi wasannin nan ba. Na san a Wargla ma akwai siber, kuma na san za ka shiga. Ka yi, ya fi zaman bakin titi da masu hayaƙi, kuma akwai daɗi, ni shaida ne. Amma ka san matsayinsa. Wanda ya ƙirƙira shi bai san ka ba, bai san ubanka ba, bai san akwai wani gari Tamanrasset ba. Bai tambaye ni ko idona yana gani da kyau ba, bai tambaye ni ko na taɓa riƙe suri ba. Ko likitan da ya fi kowa gaggawa sai ya tambayi sunanka ya taɓa hannunka kafin ya yi magana. Wannan kuwa ya ba ka kyauta, ya yanke maka hukunci kyauta, in ya yi ƙarya ba ka da wanda za ka kama. Kada ka bari ya gaya maka kai wane ne, in ya yabe ka ko in ya kushe ka. Kada kuma ka yi wautar da na yi, ka je neman wanke kanka a wurin abin da ya ɓata ka. Tsoho da furfura, ina gudu a rana da hoton kofi a hannu, ai ko ba a ce na rikice ba ranar na ba su hujja.

Saura kuskure ɗaya, shi ne babba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Malam Garba ya koya mini. Ni ban koya wa kowa ba. Kana ƙarami ka sha bi na har bakin kori kana cewa za ka je, in kore ka in ce maƙabarta ba wurin yara ba ce. Da ka girma na ce karatu ya fi maka. Wani magini ɗan Magarya ya taɓa roƙona in riƙa tafiya da shi, na ce sai ya iya wankan gawa tukuna, da ya iya kuma na sake samo wani dalilin. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin a ce a kai shi wurin Baba Idi. Ina jin daɗin a ce in ba ni ba babu. Na ɗauki amanar mutane na mayar da ita rawani. Idan Allah ya ba ka sani a hannun maigidanka, ko na ɗaure waya ne, ka koya wa na bayanka tun kana da ƙarfi, tun kafin a roƙe ka. Abin da kai kaɗai ka sani ba naka ba ne, ajiya ce a ɗakin da ba shi da ƙofa ta biyu.

Abin da zan rubuta yanzu ban gaya wa Hadiza ba, ban gaya wa Alhaji ba, kuma in ka gaya masa ban yafe ba.

Washegarin tafiyarka, bayan sallar asuba, na tafi maƙabarta ni kaɗai. Na ce bari in bi layi-layi in kira kowa da sunansa da garinsu, kamar yadda Malam Garba yake yi, in nuna wa kaina cewa ɗana maƙaryaci ne. Na fara lafiya. Suna yana zuwa kafin ƙafata ta kai. Na wuce Mutari, kuma ina nan a kan bakana, nan yake, ko a gaban wa zan rantse. Har na kai wajen wasu samari uku 'yan Dakwaro da mota ta kife da su, muka binne su rana ɗaya a jere. Sunayensu suka zo mini ba gardama, Ilya, da Na-Allah, da Ɗan Jimma. Na tuna har rigar da ke jikin Ilya. Amma wane ne a dama, wane ne a tsakiya, babu. Na dubi tsagin dutse, yana nan. Na dubi kandili, yana nan. Duwatsun da na kafa suna nan da launinsu. Babu abin da ya gusa a wurin sai ni. Na tsaya har rana ta yi zafi, na zagaya na dawo ta wata hanyar ko abin zai faɗo mini, bai faɗo ba. A ƙarshe na ja da baya na buɗe hannuwa a kan su ukun gaba ɗaya, na yi musu addu'a.

Wannan bai wanke ka ba, kada ka yi saurin murna. Hanyar da ka bi ba ta da kyau, kuma na'urarka ba ita ta gano ba, kai ka gani da idonka a tsakar gida tun kafin ka kai ni siber. Da ka zaunar da ni ka ce Baba ga abin da nake gani, da na zage ka, da na kore ka, amma da yau muna tafe tare a cikin layukan nan, maganata kuma tana nan da nauyinta a gari. Yanzu ga shi kana Wargla, ni ina nan, uku sun riga sun kuɓuce mini, ban san su wa za su biyo baya ba.

Saboda haka ba roƙonka nake ba, umarni nake ba ka. Hutun farko da maigidanka ya ba ka, ko na sallah ne ko na me, kada ka tsaya yawon ganin gari, ka hau mota ka zo. Ka zo da takalmi mai ƙarfi. Za mu fita kullum da sassafe, ina gaba kana baya, in tsaya in faɗa, ka tsaya inda na tsaya ka dubi abin da na duba ka maimaita a bayyane. In kana so ka rubuta, ka rubuta, ban hana ba, amma takarda suna kawai za ta riƙe, wurin sai ƙafa ta taka shi. Zan kira ɗan Magaryan nan ma, in bai yi fushi ba. Duk inda ka ga na yi shiru na daɗe, kada ka kau da kai don ka rufa mini asiri. Ka tambaye ni ko na tabbata. Kai na yarje wa.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci ko ba daɗi, ka rufe kanka da dare don sanyin can ba irin namu ba ne. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka, ya kare ka daga wuta da ƙarfe a wurin aiki. Allah ya buɗe maka hanyar dawowa kamar yadda ya buɗe maka ta tafiya, ya kawo mini kai tun ina iya shiga gaba, tun kuma in na ɗaga kai na gan ka a bakin ƙofa zan san ɗan wa ke sallama.

Mahaifinka, mai fushi da kai, mai jiranka,

Idi
Sersuf, Tamanrasset